Wace taya ce ta dace da Peugeot 504 Coupé ta 1973 a hanyoyin Garwa da Marwa?

Alhaji Hamadu, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana a kan wata matsala da ta hana ni sakewa tun farkon watan nan. Kamar yadda wasunku suka sani, na shafe kusan shekara biyu ina farfaɗo da motar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bari, wato Peugeot 504 Coupé mai ƙofa biyu, ƙirar 1973, mai inji lita 2. Inji ya tashi, an yi fenti, kujeru sun koma yadda na san su ina yaro, sai ƙafafu suka rage. A jikin tsohuwar safayar, wadda ta bushe ta tsattsage, an rubuta 175 HR 14, a cikin wilin kuma an buga 5J x 14. Na zaga shagunan taya na babbar kasuwa ban sami mai wannan lamba ba, sai wani mai faci ya tabbatar mini cewa 175/65 R14 ita ce daidai, tunda 175 da 14 duk sun fito a jikinta. Na yarda da shi, na sa guda huɗu. Tun daga ranar motar ta zauna ƙasa kamar an ɗora mata buhunan masara, ga wani fili da ya buɗe tsakanin taya da madigadi wanda bai yi wa ido daɗi ba, kuma shekaranjiya cikinta ya daki tudun rage gudu kusa da gadar Binuwai, har sai da na tsaya na durƙusa na leƙa ko kwanon baƙin mai ya fashe. Allah ya kiyaye bai fashe ba, amma ya loɓa. Tambayata ita ce, in ci gaba da neman taya mai inci 14, ko in canza wili zuwa 15, ko kuwa in bi shawarar ɗana da ya nace a kan 17?

Injiniya Yaya, Njamena:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Mai facin nan bai yi niyyar cutarka ba, ya dai karanta lamba biyu ya tsallake ta uku, alhali ta ukun ita ce ta kwantar maka da mota. Lambar farko faɗin taya ne da milimita. Ta tsakiya tana nuna tsayin gefen taya, daga bakin wili zuwa inda take taka ƙasa, a matsayin kaso cikin ɗari na wannan faɗin. Ta ƙarshe kuma girman wili ne da inci. A tayoyin da, idan ba a rubuta lambar tsakiya ba, ana nufin kusan 80 ne, don haka 175 HR 14 ɗinka ita ce a yau ake rubuta wa 175/80 R14.

Ga lissafin. Kashi 80 na 175 shi ne milimita 140, ka ninka biyu saboda sama da ƙasa, ka sami 280, ka haɗa da inci 14 wanda yake milimita 355.6, tsayin taya gaba ɗaya ya kama kusan 636. Wadda aka sa maka kuwa gefenta bai kai 114 ba, tsayinta duka 583 ne. Bambancin ya kai milimita 53, kuma rabinsa, wato 26, shi ne abin da cikin motar ya matso kusa da ƙasa. Ba nan kaɗai abin ya tsaya ba. Tayar asali tana cin kusan mita 2 a kowane juyi, wato juyi 500 a kilomita ɗaya, ita kuma wannan sai ta yi kusan 546. Saboda haka idan maleji ya nuna maka 100, gudun da kake yi na gaskiya bai wuce 92 ba, inji kuma yana juyawa fiye da yadda ya kamata da kusan kashi 9 cikin ɗari, a mota mai giya huɗu da ba ta da ta biyar da za ta huta a kai. Duk girman wilin da za ka zaɓa, lambar da ya kamata ka riƙe ita ce 636, kuma kada ka yi nisa da ita fiye da kashi 2 ko 3 cikin ɗari.

Abbo, Ngaundare:
Baba Alhaji, da izininku, ni ina bayan ɗanku. Idan tsayin taya ne abin lura kamar yadda Injiniya ya bayyana, to 215/45 R17 tana ba da kusan 625, wato ba ta yi nisa da ta asali ba ko da kashi 2. Motar da kamfanin zanen motoci na Pininfarina ya zana ta cancanci ƙafa mai cika ido, kuma taya mai faɗi da gajeren gefe ta fi riƙe kwalta a kwana. Duk wanda ya saba sauka gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundare da Garwa ya san amfanin motar da ba ta lilo idan an karya sitiyari. Wili mai ramin noti daidai da nata ne kawai zai yi wuya, amma akwai farantin da ake sawa a tsakani ya mayar da ramukan zuwa na motocin zamani.

Malam Sali makanike, Marwa:
Abbo ɗana, lissafinka daidai ne a takarda, amma ka bari in gaya maka abin da na gani da hannuna cikin shekaru fiye da 40 da na yi a ƙarƙashin motocin Peugeot. Tayar da kake magana a kai gefenta milimita 97 ne, ta asali kuma 140. Wannan bambancin ba ado ba ne. Waɗanda suka ƙera motar sun lissafa gefen taya a matsayin wani ɓangare na sifirin, shi ne yake fara shanye duka kafin ya kai ga shokazoba, kafin ya kai ga robobin ƙafa, kafin ya kai ga jikin motar da ta haura shekara 50. Idan ka rage shi, dukan bai ɓace ba, ya dai wuce zuwa inda ba a shirya masa ba. A bara wani yaro ya kawo mini motarsa, ba ma tsohuwa ba, da wili mai inci 17, ya faɗa rami ɗaya tsakanin Marwa da Mora. Bakin wilin ya lanƙwashe kamar murfin tukunya, gefen tayar kuma ya tsage tsawon yatsa, saboda ramin ya matse ta tsakanin bakin kwalta da ƙarfe babu abin da ya rage a tsakani. Wanda yake da gefen 140 zai ji ƙara ne kawai ya wuce.

Na biyu, Alhaji bai faɗa ba amma na san ƙirar 1973 ba ta da sitiyari mai taimakon mai, sai da mai inji V6, wato mai silinda shida, ta fito a ƙarshen 1974 aka fara sa mata. Ka ɗora mata faɗin 215, ka ce wa dattijo ya juya ta a lungunan unguwar Fulɓere da rana tsaka, ka ga yadda kafaɗunsa za su yi. Na uku kuma shi ne farantin da ka ambata. Ramukan notin 504 guda huɗu ne a kan da'ira mai milimita 140, abin da ake rubutawa 4x140, kuma motocin da suka yi tarayya da ita a wannan ba su da yawa: ƙanwarta 505, da wasu tsofaffin Subaru. Faranti yana da kauri, kuma duk kaurinsa yana tura wili waje ne. Idan wili ya fita daga inda aka tsara masa, nauyin mota ya daina sauka a tsakiyar boris, sai ya riƙa cin gefe ɗaya, sitiyari kuma ya riƙa fizgar hannu duk lokacin da ƙafa ɗaya ta taka wani abu. Ga noti takwas a kowace ƙafa maimakon huɗu, huɗu daga ciki a ɓoye inda ba wanda zai duba su.

Abbo, Ngaundare:
Na ji, Baba Sali, kuma ban yi tunanin maganar sitiyarin ba. Amma har yanzu ina ganin taya mai faɗi ta fi tsayawa idan an taka birki.

Malam Sali makanike, Marwa:
A busasshiyar kwalta mai santsi kamar tabarma, za ta iya fi da ɗan kaɗan. Amma ingancin robar da ƙuruciyarta sun fi faɗin tasiri nesa ba kusa ba, kuma idan ruwan Agusta ya kwanta a hanya, mai faɗin ce take fara yin iyo a kansa. Akwai kuma wani abu game da tsofaffin motoci: jikinsu yana karkata a kwana fiye da na zamani, don haka suna son taya mai zagayayyar kafaɗa wadda za ta karkata tare da su. Mai faɗi da kafaɗa a tsaye tana riƙewa sosai har zuwa wani mataki, sannan ta saki gaba ɗaya ba tare da ta yi maka gargaɗi ba. Ka tuna da cewa irin wannan motar, mai inji V6, ita direban tsere Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da ita a 1978, ya kuma ci ta Bandama a Kwaddibuwa a wannan shekarar. Ka nemi hotunan ka duba ƙafafunta, za ka ga tayoyi masu dogon gefe ne, domin hanyoyin da ta bi sun fi kama da namu.

Bappa Umaru direba, Figil:
Salamu alaikum. Ni ban iya lissafin Injiniya ba, amma na yi shekara 18 ina jan 504 mai dogon baya tsakanin Garwa, Gidar da Marwa, kuma ban taɓa sa mata wata taya ba sai 185 R14C, irin ta ƙananan bas. Ana samunta ko'ina, ƙaya ba ta huda ta da sauƙi, dutse ba ya yanka gefenta, kuma tana ɗaga mota sama. Alhaji ya sa ta ya huta da neman abin da babu.

Injiniya Yaya, Njamena:
Bappa, a motarka shawarar nan ba ta da aibi, domin kana ɗaukar mutum bakwai ko takwas da kayansu a sama. Tsayinta kusan 652 ne, ya ɗara na asali da kashi biyu da rabi, wannan ma ana iya haƙuri da shi. Inda matsalar take shi ne harafin C ɗin nan, wanda yake nuna tayar ɗaukar kaya ce. Yawancinsu lambar nauyinsu 102 ce, wato kowace ɗaya tana ɗaukar kilo 850, alhali motar Alhaji duka ba ta wuce tan ɗaya da kwata ba, kowace ƙafa tana ɗauke da ɗan abin da ya haura kilo 300. Gefen da aka ƙera don kilo 850 ba zai lanƙwasa a ƙarƙashin wannan nauyi ba. Motar za ta riƙa tsalle a kan gargada, bayanta ya riƙa zamewa a kwana, kuma duk laushin da aka san 504 da shi zai tafi. Tayar asali lambar nauyinta 88 ce, kilo 560, kuma harafin H yana nufin ta jure gudun kilomita 210 a sa'a, T kuma 190, S 180. Ba don Alhaji zai yi wannan gudun ba, amma tayar da aka gina don jure gudu ita ce kuma ta fi jure zafi, mu kuwa a watan Afrilu iska kanta tana haura digiri 40, balle kwalta.

Musa mai injin ƙarfe, Garwa:
Alhaji, idan wili mai inci 15 kake so, akwai hanyar da muke bi. Wilin Hilux mai rami shida da'irarsa milimita 139.7 ce, ba ta kai rabin milimita tsakaninta da 140 ba. Ramuka biyu masu kallon juna suna shiga daidai, sai a huda sababbi guda biyu a kan inji. Na yi wa mutane da dama, kuma wilin yana da arha.

Malam Sali makanike, Marwa:
Musa, na san ana yi, na kuma san hannunka yana da kyau, amma ba zan ba Alhaji wannan shawarar ba. An ƙera wilin Hilux ne don mota mai nauyin tan biyu da kaya, ƙarfensa ya yi wa wannan mota nauyi, kuma nauyin da ke ƙasan sifirin shi ne mafi sharri, domin shi shokazoba yake kokawa da shi a kowane rami. Ramin tsakiyarsa ya fi cibiyar ƙafar 504 faɗi, zamansa kuma ya fi fitowa waje. Sannan ramin da masana'anta ta yi a wilin ƙarfe yana da ɗan tudu da aka matsa masa don noti ya zauna ya ciza, wanda aka huda daga baya kuwa a fili yake, ba shi da wannan mazaunin. Mota ce da mutum ya gada daga mahaifinsa, zai ɗauki iyalinsa a ciki. A bar wannan dabara ga amalanken gona.

Hajiya Mairama, Kuseri:
Assalamu alaikum. Ni taya nake sayarwa, sabuwa da ta gwanjo, shekara 14 ke nan, don haka bari in yi magana ta ɓangaren kasuwa, tunda duk lissafin da za a yi sai an zo shago a ƙarshe. Alhaji, 175/80 R14 ta ƙaramar mota ba ta yawo a nan. Ana yinta har yanzu, Michelin ma yana fitar da tsohon samfurinsa XAS, wanda ya fara fitowa a 1965, musamman don masu tsofaffin motoci, amma sai an yi maka oda daga Turai, ta sauka Duwala, ta hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundare, sannan ta iso gare ka. Kuɗin guda ɗaya zai saya maka biyu ko fiye na wata, kuma ranar da ɗaya ta fashe a hanyar Kaele, sai ka jira watanni. A inci 14, wadda ta fi kusa da lambar Injiniya ita ce 195/70 R14, tsayinta kusan 629, ana ɗan samunta amma ba kullum ba, kuma a wili mai faɗin inci 5 ta kai iyaka, za ta yi ɗan kumburi a gefe. Ita kuwa 185/70 R14 ta fi samuwa, sai dai 615 ce, ta gaza da fiye da kashi 3, cikin motar zai sauka da milimita 10.

Amma 195/65 R15 ita ce tayar da ba na rasa ta a shago ko da wane wata ne, saboda motoci da yawa da ke yawo a garuruwanmu ita suke sawa, kuma kowane kamfani yana yinta. Ina roƙon Injiniya ya duba mini, amma a sanina tsayinta 634 da rabi ne, wato ita da ta asali kamar an auna su da igiya ɗaya. Lambar nauyinta yawanci 91 ce, kilo 615, da harafin H, ko V wanda ya fi shi jure gudu.

Abin da na fi so Alhaji ya kula da shi kuma, kowace ya zaɓa, shi ne shekarun tayar. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Idan lambobin uku ne kawai, an yi ta kafin 2000, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Michelin da kansa yana cewa bayan shekara 5 a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara, idan ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, kuma wannan a ƙasashen sanyi ma ke nan. A cikin kwantenar gwanjo kuma akwai tayoyin hunturu da yawa, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Zanensu yana da zurfi, mai saye ya ga kamar ya yi sa'a, amma robarsu an yi ta ne don sanyi, a kwaltarmu tana laushi ta cinye da wuri, kuma birki ba ya kama ta yadda ya kamata. Motar da za ta riƙa fita sau biyu a mako kamar ta Alhaji ba za ta cinye taya ba, tsufa ne zai kashe ta, don haka sabuwa mai ƙuruciya ta fi masa.

Injiniya Yaya, Njamena:
Lissafin Hajiya daidai ne: 126.75 sau biyu, a haɗa da 381, ya ba da 634.5. Gefen ya ragu daga 140 zuwa 127, asarar milimita 13 ke nan, wadda ban ɗauke ta da nauyi ba idan aka kwatanta da 43 da za a rasa a inci 17. Maleji zai dawo daidai, cikin mota zai koma inda yake.

Alhaji Hamadu, Garwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Gaskiya zuciyata tana wajen inci 14, domin wilin ƙarfen nan da murfinsa mai walƙiya su ne abin da nake tunawa idan na rufe ido na ga mahaifinmu yana wanke ta da safiyar Juma'a, kuma ba na son motar ta zama wata aba dabam. Amma maganar Hajiya ta shige ni, ba na son motar da za ta zauna a gareji wata uku saboda taya ɗaya. Malam Sali, idan na koma 15, wane wili zan nema, kuma me zan duba kafin in biya?

Malam Sali makanike, Marwa:
Alhaji, na 505 za ka nema, shi ne ɗan gida. An sayar da 505 da yawa a yankin nan, an kuma haɗa ta a Kaduna kamar yadda aka haɗa 504 tun 1975, don haka masu kayan gyara na Marwa, Mubi da Yola ba sa rasa ragowarta. Yawancinsu masu inci 14 ne, amma manyan samfuran sun zo da wilin alminiyam mai inci 15 da faɗin inci 6, wanda shi ne daidai wa 195/65. Sai dai a nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa, har da ni. Michelin ya fito da wani tsari a 1975 mai suna TRX, wanda ake auna wilinsa da milimita maimakon inci, kuma Peugeot ya sa shi a wasu 505 da 604, har da Coupé mai V6 ta ƙarshe-ƙarshe. Girmansa milimita 390 ne, inci 15 kuwa 381. A ido ba za ka bambance su ba. Shekarun baya na sayi guda huɗu a hannun wani mai kayan gwanjo, na yi murna da arharsu, na kai wa mai faci. Yaron ya sha wuya da ƙarfe da ruwan sabulu yana ƙoƙarin cusa taya mai inci 15, har na ji wayar bakin tayar ta yi ƙara ta tsinke. Da ta shiga a haka aka hura mata iska, Allah kaɗai ya san abin da zai sami fuskarsa. Taya mai inci 16 kuma ta yi masa yawa, ba za ta zauna ba. Saboda haka ka juya wilin ka karanta bayansa da idonka: idan ka ga TR 390, ajiye shi, idan ka ga 6J x 15, shi ne.

Bayan haka ka auna zamansa, abin da ake bugawa da haruffan ET. Ka kifa wilinka na asali a ƙasa, ka ɗora miƙaƙƙen katako a bakinsa na baya, ka auna daga katakon zuwa fuskar da ke manne da ƙafar mota, ka cire rabin faɗin wilin gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne zamansa. Ka yi wa sabon haka, kada bambancin ya wuce 'yan milimitoci. Sannan kada ka biya kuɗin huɗu sai ka gwada ɗaya a gaba. Ka ɗaura shi, ka juya da hannu ka saurara ko yana taɓa maƙallin birki, domin Coupé faifan birki gare ta a ƙafa huɗu. Ka sauke motar daga jak, ka karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka sa yatsu tsakanin taya da sandar shokazoba, da tsakanin taya da bakin madigadi, sannan ka sa mutum biyu su zauna a baya ka sake dubawa. Notin wilin alminiyam kuma ba irin na ƙarfe ba ne, mazauninsu ya bambanta, don haka ka karɓo wili tare da notinsa, ka kuma ajiye tsofaffin noti huɗu a mota idan safayarka ta ƙarfe ce.

Hajiya Mairama, Kuseri:
Ƙari a kan maganar Malam, idan Alhaji ya ajiye wilin asali don wata rana. Wasu tsofaffin wili ba su da ɗan tudun nan na ciki da yake riƙe bakin taya marar tiyub idan iska ta ragu, irinsu sai da tiyub. Masu faci kuma suna cusa tiyub a kowace taya don su huta da neman inda take yoyo, alhali ba a son sa shi a taya mai gajeren gefe, yana gogar cikinta ya yi zafi. A 195/65 kan wilin 505 ba ka bukatarsa, sabon bawul kawai za a sa. Iska kuma da safe ake auna ta kafin mota ta motsa. Idan ka iso Figil da rana ka ga ta ƙaru, kada ka bari a rage, zafi ne, za ta koma da kanta.

Bappa Umaru direba, Figil:
Na karɓi gyara a kan tayar bas. Amma Alhaji ya sa a ransa cewa wilin alminiyam idan ya daki rami tsagewa yake yi, na ƙarfe kuwa lanƙwashewa, a buga shi da guduma a bakin hanya a ci gaba da tafiya. Ya duba su da kyau, musamman ta ciki, kada a sayar masa da wanda aka yi wa walda aka shafe da fenti.

Alhaji Hamadu, Garwa:
Jama'a, ga inda aka kwana bayan kwana tara. Malam Sali ya samo mini wilin 505 guda huɗu a Marwa, na je da kaina ranar Asabar. Uku an buga musu 6J x 15, na huɗun da muka goge ƙurar bayansa sai ga TR 390, mai kayan ma bai san sun bambanta ba, shekara da shekaru suna jingine tare a bango. Mun ɗauki ukun, mun wanke su da kananzir mun duba ciki da waje kamar yadda Bappa ya ce, babu walda babu tsaga. Mun ɗaura ɗaya a gaba ta hagu da aron taya 195/65 R15, bai taɓa birki ba, kuma da aka karya sitiyari har ƙarshe yatsuna biyu sun shiga tsakanin taya da madigadi, ta wajen sandar shokazoba kuma yatsa ɗaya ya shiga da ɗan saura. Sitiyarin ya ɗan ƙara nauyi a tsaye, amma ba abin da zai dame ni ba. Wilin asali guda biyar na sa an kankare tsatsarsu an shafa musu fenti, zan ajiye su a ɗaki tare da murafansu, kuma na roƙi Hajiya ta tambayo mini kuɗin 175/80 R14 guda biyar daga Duwala, ko da sai baɗi ne. Ɗayansu zai zauna a matsayin safaya da 185/70 R14 kafin nan. Yanzu abin da ya rage shi ne wili na huɗu. Duk wanda yake da hanya a Mubi ko Yola, ina neman guda ɗaya na 505, alminiyam, mai rami huɗu, a karanta bayansa a tabbatar 6J x 15 ne, kuma a haɗo mini da notinsa. Zan turo hoton zanen fuskarsa yanzu don a samo irinsa.

Musa mai injin ƙarfe, Garwa:
Alhaji, ƙanena yana zuwa Mubi ranar Laraba ɗaukar kaya. Ka turo hoton, ka kuma auna mini faɗin ramin tsakiyar ɗaya daga cikin ukun, in ba shi ma'auni ya tafi da shi.